Gonar Tsakiya

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Malumfashi, kuma ina da wata cuta da matata ta ce ta gagari asibiti. Ba a tambayata ƙarfe nawa a rabu da ni ban bayyana yadda duniya take juyawa a gaban rana ba. Ɗalibaina sun gano ni tuntuni. In ba su yi aikin gida ba, sai ɗaya ya ɗaga hannu ya tambaye ni dalilin girgizar ƙasa, sauran su gyara zama har a buga ƙararrawa. Na faɗi wannan da wuri don ku san irin mutumin da zai ba ku labarin Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda a duk danginmu ita kaɗai take barina in kai ƙarshen magana. Ba wai saurare take yi ba. Hannunta yana kan aiki, ni kuma ina maye mata gurbin rediyo.

A Unguwar Barmo aka haife ta, ƙauyenmu da ke gefen hanyar Maska. Su uku ne suka rayu a ɗakinsu: Baba, wato Alhaji Hussaini, shi ne babba, sai ita, sai autansu Baffa Maitama. A cikin ƙauyen ta yi aure, gidan wani tela, Malam Bature, wanda ya rasu ya bar ta da yara biyu, Sadiq da Mansura. Manema sun zo bayan ta gama takaba, ta ba kowa ruwa ya sha, ta nuna masa hanya. Da daddawa da gona ta riƙe yaran nan. Baƙo ba ya buƙatar a yi masa kwatancen gidanta, hancinsa zai kai shi. 'Yar ƙanƙanuwa ce, mai saurin tafiya, kuma ba ta son a taimake ta. In ka aika mata da kwanon abinci, kwanon zai dawo maka da abin da ya fi wanda ka aika, har ka ji kunya ka daina.

Gonar da nake magana gadon kakanmu ce. Ta taso daga gindin dutsen da ke bayan gari, ta gangara har bakin rafi. A wajenmu in za a raba irin wannan gona ba a yanka ta a kwance, don kada wani ya tashi da jigawar sama mai tsakuwa, wani kuma ya kwashe fadamar ƙasa shi kaɗai. A tsaye ake tsaga ta, daga dutse har rafi, kowa ya sami rabonsa na tudu da na fadama. Haka liman da mai unguwa suka yi da igiyarsu bayan rasuwar kaka. Aka yi kashi biyar, Baba biyu, Baffa biyu, Gwaggo ɗaya. Sai Baba ya ce a sa nata a tsakiya, don 'yan'uwanta maza su tsare ta dama da hagu, kada shanu su yi mata ɓarna, kada maƙwabci ya ci mata iyaka. Aka dasa gamba a kan iyakokin, kowa ya sa wa Baba albarka. An daɗe ana ba da misali da rabon nan a ƙauyen.

To, ga inda aka samu matsala. Gonar Gwaggo ta zama doguwa siririya. Mai garmar shanu ba zai yarda ya riƙa juya bijimai bayan kowane ɗan taku ba, don haka sai ya ja huɗa daga sama har ƙasa. Na Baba da na Baffa ma haka suka yi, tunda ya fi sauƙi. Kowane kwarin kunya ya zama magudana. Kuma tsakiyar gonar nan yana da ɗan lotsawa wanda ido ba ya gani sosai, amma ruwa yana gani. Duk ruwan da ya sauko daga dutse, da wanda ya zubo daga gonakin maza biyun nan da aka sa su tsare ta, a gonarta yake haɗuwa.

Ina yaro, ramin da ruwan ya haƙa ɗan tsagi ne da muke tsallakewa ba tare da mun lura ba. Da na shiga sakandare ya kai gwiwa. Shekarar da na yi aure, akuyar maƙwabta ta faɗa ciki sai da aka sa igiya. Daga baya kuwa, ƙato yana tsayawa a ciki ba a ga hularsa. Kowace damina gefensa yana zubewa, ya tafi da kunya biyu ko uku da masarar da ke kai. Gwaggo ta zuba ƙaya, ta zuba buhunan yashi, ta zuba sharar gari. Ruwan farko yake kwashe su.

Sadiq kuwa ya girma, yana sayar da taki a Funtua, ya gina gida, ya ware wa uwarsa ɗaki har da fanka. Shi abokin wasana ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma a kan maganar nan ba ya dariya. Duk Sallah sai ya roƙe ta ta koma wurinsa. Wata Sallah da ya matsa mata a gaban jama'a, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Sadiq, ka ga rumbun can? Ranar da ya kasa kai ni sabon hatsi, ka zo da motarka, ba zan yi maka gardama ba. Kafin nan kada ka ƙara tayar mini da maganar."

Kowa ya shaida. Tun daga ranar, zamanta a gidanta, cikin ƙawayenta da tukwanen daddawarta, ya rataya a kan siririyar gonar nan da rami yake ci. Shekarun baya-bayan nan da ƙyar rumbun yake kaiwa. Mansura, wadda take aure a Danja, ta taɓa raɗa mini cewa in damina ta yi nisa, uwarta takan ce tuwon dare yana hana ta barci.

Wani hutu bayan kaka na je gaishe ta, na tarar tana ɓarar kalwa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam Kamalu, kai da aka ce ƙasa kake koyarwa, me ke cin gonata?"

Jama'a, tun da na gama kwaleji nake jiran wani a danginmu ya yi mini tambaya a kan karatuna. Ba wanda ya taɓa yi. In an ga hadari, Baba ake tambaya ko za a yi ruwa, ina zaune. Don haka da na ji tambayar nan sai na gyara zama, na cire hula na ɗora a gwiwa, na fara daga farko. Farkon kuwa a wurina shi ne tsakiyar duniya.

Na gaya mata can ciki akwai ƙarfe mai zafin da ba ya misaltuwa, a kansa kuma akwai dutse mai zafi da ke motsi a hankali, mu kuma muna zaune a kan ɓawo ne kawai, kamar fatar da take kan kunu in ya huce. Na ce dutsen nan na bayan gari da take shanya barkono a kansa, da can narkakke ne, ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta kankare abin da ya rufe shi har ya fito fili. Na ce rana tana gasa shi, sanyi yana kama shi, ya tsage, ruwa ya shiga, saiwa ta shiga, ya farfashe ya zama tsakuwa, tsakuwa ta zama yashi, yashi ya gauraya da ruɓaɓɓen ganye ya zama ƙasar noma. Na nuna mata gaɓar yatsana na ce, kafin dutse ya ba da ƙasa mai kaurin wannan, sai an yi ɗaruruwan shekaru. Ina shirin shiga maganar aman wuta ta tari numfashina.

"Kai, Kamalu. Na tambaye ka ramin gonata, ka kai ni ƙarƙashin ƙasa tun ban mutu ba. Fito da ni."

Sai na fito da ita. Na ce ruwa in ya sami miƙaƙƙiyar hanya a gangare, gudu yake ƙarawa, in ya yi gudu kuma sai ya ɗauki ƙasa. Maganinsa a tare shi tun daga sama, a jera duwatsu layi-layi a kwance, a juya huɗa ta gitta gangaren, don ruwa ya tsaya ya nutse. Amma dole layin ya ratsa gonakin uku, in ba haka ba ruwan zai zagayo ta gefe.

Ta dube ni ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne sai da ka ɗauko shi tun daga wuta?" Ta karkaɗe zaninta. "Jumma'a ka tara mini yayana da ƙanena ka gaya musu. Amma don Allah ka fara daga gona."

Ban fara daga gona ba. Ranar Jumma'a bayan an sauko, na iso zauren Baba da ƙwallon duniya mai taswira da na aro daga makaranta, ɗaure a bayan babur, yara suna bina suna tambaya ko sabuwar tamaula ce. Na kuma zo da faranti cike da ƙasa da buta, don in nuna musu a aikace. Na karkata farantin, na ja layi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, na tsiyaya ruwa. Gwajin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Ruwan ya kwashi laka ya gangara da gudu, ya sauka a kan farar babbar rigar Baba. Na ce, "Yauwa! Kun ga abin da nake faɗa." Baffa Maitama ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa.

Baba ya daɗe yana kallon rigarsa. Sannan ya yi magana a hankali, kuma gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce shi ya zauna a sulhun rigimar gona ba sau ɗaya ba, ya ga 'yan ɗaki ɗaya sun daina gaisawa a kan kunya guda. In aka ja huɗa ta ratsa gona uku, garma za ta tumɓuke gamba, iyaka ta ɓace. "Mu muna raye, mun san inda kowa ya tsaya. In mun mutu fa? Kai da 'ya'yan Maitama da Sadiq za ku kai juna gaban alƙali, a ce 'ya'yan wane ne. Rabon nan da idon liman aka yi shi, ba zan taɓa shi ba." Baffa ya ce shi duk abin da Yaya ya ce. Dama ramin bai taɓa gefensa ba tukuna.

Mai hankali a nan zai nemi yadda za a tsare iyakar. Ni kuwa sai na ɗauko ƙwallon duniya, na ce ai iyaka ba komai ba ce in aka dubi shekarun ƙasa, don ko nahiyoyi ma tafiya suke yi. Na nuna musu yadda ƙugun Afirka ya dace da na Amurka ta Kudu, na ce da can a manne suke.

Baba ya miƙe, ya tattara jiƙaƙƙiyar rigarsa ya ce, "To madalla. In Amurkar ta dawo sai ka kira mu."

Da na fito, na sami Gwaggo a bayan zana, ta ji komai. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce kawai, "Gobe ka zo ka zana mini inda duwatsun za su zauna a gonata." Na ce ai na gaya mata gona ɗaya ba za ta isa ba. Ta ce, "Kai dai ka zana."

Na aro siririn tiyo irin wanda magina suke daidaita gini da shi, na cika shi da ruwa. Ta riƙe kai ɗaya, na riƙe ɗaya, duk inda ruwan ya yi daidai mu kafa tsinke mu zuba toka. Wannan aikin kam na iya shi, kuma ina so a rubuta mini shi.

Washegari Gwaggo ta naɗa gammo, ta ɗauki daro, ta nufi gindin dutse. Mace mai jikoki, ta haura sittin da daɗewa. Ta cika daron da duwatsu, ta ɗora a ka. Daga gindin dutse zuwa gonarta kusa ne, gangarowa kawai za ka yi. Amma ita ba ta nan ta bi ba. Sai ta zagayo ta cikin gari, ta wuce ta gaban mai shayi, ta wuce ta ƙofar masallaci inda Baba da Baffa suke zaman hantsi da sauran dattawa, ta rusuna da daron a kanta ta ce, "Yaya, ina kwana," sannan ta miƙe zuwa gona. Haka ta yi washegari, da wanshekaren washegari.

Na je in taya ta ranar wata Asabar. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya riƙe, na zauna a inuwar ɗorawa ina ba ta shawara daga nesa. Kwanaki ina riƙe alli da tsumma a hannu, ina gaya wa ɗalibai cewa na je binciken duwatsu ne.

Gari ya ɗauka. Baƙo in ya zo masallaci sai ya ce, "Alhaji, waccan tsohuwar mai dakon dutse ba ta da kowa ne?" Baba ya aika mata da amalanke da shanu. Ta mayar, ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce wa Yaya na gode. Dutsen gona guda bai kai a wahalar da shanu ba. In na gona uku ne, a kawo." Sadiq ya zo daga Funtua a fusace, ya ce zai ɗauki 'yan ƙwadago. Ta ce in ya kawo mata mutum ɗaya, ba za ta ƙara cin abincin gidansa ba. Baba ya daina zaman ƙofar masallaci, yana idar da salla ya shige gida. Sai ta ƙara tsawon hanyar, ta riƙa bi ta ƙofar gidanmu.

Sun daɗe a haka, don jini ɗaya ne, taurin kan ma ɗaya. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, tana nan tana yi. Baffa Maitama ne ya fara karaya. Matarsa ta dawo daga wani suna ta ce ba za ta ƙara shiga taron mata ba saboda abin da ake faɗa. Ya je ya sami Baba. Ban san abin da suka tattauna ba, amma bayan kwana kaɗan Baba ya kira ni, ya ce ya yi wani tunani. Me zai hana a jera duwatsu a kwance su ratsa gonakin uku, a juya huɗa, sannan a duk inda layi ya tsallaka iyaka a kafa dogon dutse a tsaye, a dasa bini-da-zugu a gindinsa, don ko jikoki su gane? Na buɗe baki in tuna masa wanda ya fara kawo rabin wannan tunani, sai Allah ya taimake ni na ce, "Baba, wannan dabara ce."

Aka kira gayya. Amalanke huɗu, samarin gari, mata suna dama fura. Ni kuwa ina tsakiya da tiyona da malafa, ina ɗaga murya, "Sama kaɗan! Ƙasa kaɗan!" kuma manyan mutane masu gemu suna yin abin da na ce. Ban taɓa jin daɗin rana irin wannan ba, har ranar aurena. Saboda daɗin da nake ji, sai can da yamma na lura Gwaggo a zaune take rabon fura, ita da ba ta san zama ba. Mansura ta ja ni gefe ta ce ai ta jima tana salla a zaune, ta hana a faɗa.

Ranar da aka yi babban ruwan farko ina Malumfashi. Na ga hadari ya haɗu ta wajen Funtua, na bar aji da aikin da za su kwafa, na hau babur. Na isa gonar jiƙe sharkaf. Ruwa yana saukowa daga dutse ja wur kamar yadda ya saba, ya zo layin farko ya tsaya, ya bazu, ya tsiyaya ta tsakanin duwatsu a hankali, ya zo na biyu ya sake tsayawa. Kafin ya kai bakin ramin ya zama ɗan abin da yaro zai tare da ƙafa. Shekara da shekaru ina zana wannan a allo, ban taɓa ganinsa da idona ba. Na tsaya ni kaɗai cikin ruwa ina ihu kamar wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo.

Na ruga gidanta in yi mata albishir. Na same ta a kwance a kan tabarma, Mansura tana matsa mata ƙafa. Tun asuba ta yunƙura ta tashi, ƙafafun suka ƙi. Ta saurari labarin ruwan har ƙarshe, kuma a karon nan da gaske take saurare, har tana cewa in maimaita wurin layi na biyu.

A asibiti a Funtua likita ya ce ƙasusuwan bayanta sun goge sun danne jijiya. Ya ce akwai shekaru, akwai kuma kaya. Ya ba da magani, ya ce za ta iya zama, za ta iya 'yan taku in an riƙe ta, amma sunkuyo da ɗaukar kaya sun ƙare. Ta ce a mayar da ita gida, damina ba ta jira.

Daga kan gado ta yi noman bana. Ita take faɗin ranar shuka, ita take aikawa a gaya wa Baba cewa ciyawa ta fito a gonarta, ko yana jira ne ta zo da kanta. Baba, wanda ba a aike shi ba tun yana saurayi, ya riƙa zuwa da safe yana ba da rahoto a bakin ƙofa. Masara ta yi, dawa ta yi. Ramin bai ƙara ko taki ɗaya ba. Da kaka aka cika rumbunta har sai da aka nemi buhuna, abin da ba a gani ba tun ina saurayi.

Amma Mansura tana da miji da yara a Danja, ba za ta dawwama ba. Matan gidanmu suna zuwa bi da bi, su kama ta su kai ta bayan gida, su ɗora mata ruwa. Matar da take mayar da kwano cike ta zama sai an ɗaga ta. Na ga yadda take kau da kai in ana yi mata, na san abin yana cin ta fiye da ciwon. Sadiq yana zuwa duk mako, kuma ko sau ɗaya bai ambaci Funtua ba. Ita ce da kanta, wata rana muna zaune, ta ce, "Sadiq, leƙa rumbun can."

Ya je ya leƙa ya dawo.

"Me ka gani?"

"A cike yake, Inna."

"Ya kasa?"

"Bai kasa ba. Kin ci."

"To ka riƙe wannan. Jibi ka zo da motar."

Da hantsi muka tashi. An shimfiɗa mata katifa a bayan mota, an jingina ta da filo, buhunan dawarta a but, don ta ce ba za ta ci hatsin kasuwa ba. Ƙawayenta sun cika ƙofar gida suna kuka, tana yi musu tsiya. Baba bai fito ba, ya ce yana da mura. Da muka zo mararraba ta ce Sadiq ya bi ta gona.

Ya tsaya a sama, wajen gindin dutse, na buɗe mata ƙofa. Daga nan ana ganin komai. Layukan duwatsu sun ratsa gonakin uku, a bayan kowane layi lallausar ƙasa ta taru ta kwanta. Ramin yana nan, bai tafi ko'ina ba, sai dai ciyawa ta fara fitowa a cikinsa. Na ɗebo mata ƙasar a hannu, ta murza, ta shinshina. Ta daɗe tana kallon ramin.

"Malam Kamalu, wadda ta riga ta tafi fa? Duk ƙasar da ta cika ramin can, ta mahaifinmu, ina ta je?"

Na ce rafin nan ya kai ta kogi, kogi ya kai ta wani kogin, har Kwara, Kwara kuma ta kai ta teku, can kudu. Wata ta kwanta a hanya, a fadamar mutanen da ba mu sani ba.

"Shi ruwan da ya kai ta, can yake zama?"

Na ce a'a. Rana tana ɗaga shi daga teku ya zama girgije, iskar damina ta turo shi arewa, ya sake zubo mana.

"Ashe shi yana dawowa." Ta sake murza ƙasar. "Ita fa?"

Na so a ce ban sani ba. Wallahi na so a ce ranar da aka koyar da wannan ban je aji ba. Sadiq yana kallona ta madubi, na san abin da idonsa yake roƙo. Amma ita ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, kuma da na yi mata, da ta gane.

Na ce, "Ita ba ta dawowa, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu waje, ta zubar da ƙasar a cikin gona, ta karkaɗe tafinta sosai don kada ta tafi da ko kaɗan.

"To rufe ƙofar," in ji ta. "Sadiq, mu je."